Muhawara: ƙananan masana'antu da manyan kamfanoni, wanne ya fi fitar da amfani a arewacin Kamaru da Cadi?

Malam Sani, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da nake yawan ji a majalisu, kuma ina so mu tattauna ta a nan cikin natsuwa. Duk lokacin da aka tayar da zancen rashin aikin yi a arewa, sai a ce maganinsa shi ne a kafa mana manyan masana'antu irin na Duwala, sai ka ce injinan niƙa da maƙera da majema da masu man gyaɗa da ke cikin kowace unguwa ba sa sarrafa komai. A ganina, idan aka zuba sefa miliyan ɗaya a ƙaramar sana'a, bakunan da za su ci abinci da ita sun fi waɗanda za su ci idan aka zuba ta a babban kamfani, kuma kuɗin ya fi saurin juyawa a cikin gari. Babban kamfani yana sayo injinsa daga Turai ko Sin, ya ɗauko masu gyara daga nesa, ya ɗauki ma'aikata 'yan kaɗan idan aka kwatanta da jarin da ya lashe. Tambayata ita ce, idan aka auna abin da aka zuba da abin da aka samu, wanne ne ya fi? Ina roƙon duk wanda zai amsa ya kawo hujja daga sana'ar da ya sani da idonsa.

Injiniya Bello, Ngaundere:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Kun haɗa tambayoyi biyu a wuri guda, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Yawan mutanen da sana'a take ciyarwa abu ne daban, yawan amfanin da take fitarwa daga ɗanyen kaya da makamashi da lokacin ma'aikaci shi ma abu ne daban. A ta biyun, babbar masana'anta ce a gaba a mafi yawan lokuta, kuma zan kawo misali da gyaɗa tunda kowa ya san ta. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, wato kashi 45 zuwa 50 cikin 100. Matar da take murza tunkuza da hannu tana zuba ruwan zafi ba ta iya fitar da shi duka, mai yawa yana zama a cikin tunkuzar. Injin matsa mai kyau yana barin kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100 a cikin tukar, babbar masana'anta kuwa da take wanke tukar da sinadarin hekzan ba ta barin ko kashi 1. Buhun gyaɗa ɗaya ne, amma man da ya fito ba ɗaya ba ne.

Haka abin yake a wajen lokaci. Lokacin da Henry Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a Amurka a 1913, aikin da yake cin sama da awa 12 ya dawo kamar awa ɗaya da rabi, saboda kowane ma'aikaci ya tsaya a kan abu guda yana maimaita shi. Ga kuma sayen kaya da yawa a farashin sari, ga zafin tukunya da ake sake amfani da shi maimakon ya tashi a iska, ga akawu ɗaya da mai gadi ɗaya da suke isar kayan da ƙananan wurare hamsin za su yi.

Hajiya Asabe, Gidar:

Injiniya, ina gaisuwa. Ni sana'ar man gyaɗa na gada a wurin mahaifiyata, don haka bari in gyara maka lissafi a wuri ɗaya. Man da ka ce ya zauna a cikin tunkuza bai ɓata ba, shi ne yake sa ƙuliƙuli ya yi daɗi, kuma ƙuliƙuli kuɗi ne. Masu tsire da masu kilishi suna jiransa don yaji, masu kwaɗon zogale da rama suna saye, yara suna saye a ƙofar makaranta. Sau da yawa man ne yake mayar mini da kuɗin gyaɗa, ribar kuwa tana cikin ƙuliƙulin. Tukar da aka wanke da sinadari sai dai a ba shanu da kaji, ba wanda zai daka ta ya barbaɗa a kan nama. Idan za ka auna, to ka auna kuɗin duk abin da ya fito daga buhun, kada ka tsaya a kan litar mai kaɗai.

Sannan ni ba na biyan tirela, ba na sayen kwalba ko kwali, domin mai saye da kwalbarsa yake zuwa, kuma ina auna wa mai sefa 100 daidai kuɗinsa. Idan gyaɗa ta yi tsada kafin kaka, sai in kife kaskona in jira, ba albashin kowa a wuyana, ba banki da zai aiko mini da takarda. Wahalar da ke ciki ba a ɓoye take ba, akwai hayaƙi da tsadar itace da ciwon baya, shi ya sa tun da daɗewa muka bar daka a turmi muka koma kai gyaɗa injin markaɗe. Ba ƙin inji muke yi ba, daidai ƙarfinmu muke nema.

Injiniya Bello, Ngaundere:

Hajiya, maganarki a kan ƙuliƙuli gaskiya ce, kuma ta nuna cewa gyaɗa tana cikin kayan da ƙarami yake iya gogayya da babba a kansu. Amma ki dubi angurya. Man da ke cikinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba, kuma yana ɗauke da wani dafi da ake kira gosifol, wanda sai an tace man da sinadari a masana'anta kafin ya ciyu. Ba yadda mace za ta yi wannan a tsakar gida. Man Diamaor da ake soya ƙosai da shi a ko'ina a arewa daga matatun kamfanin auduga na SODECOTON da ke Garwa da Marwa yake fitowa, kuma ba don su ba da anguryar nan sai dai a zuba wa shanu ko a bar ta ta ruɓe. Siminti ma haka ne, dole a gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai digiri 1,450 a cikin murhun ƙarfe mai juyawa dare da rana, shi ya sa masana'antar CIMENCAM take zaune a Figil kusa da dutsen. Mai buga bulo a unguwa ƙarami ne kuma ya dace da ƙanƙantarsa, amma simintin da yake kwaɓawa ba ya samuwa sai daga babban wuri.

Alhaji Mamman, Yagwa:

Salamu alaikum. Na karanta bayanin Injiniya, kuma duk abin da ya faɗa daidai ne matuƙar injin yana juyawa. Wannan sharaɗin shi ne ba a cika faɗa ba, alhali a ƙasarmu shi ne kan magana. Ni fataucin shinkafa nake yi tsakanin Yagwa da Maga da Marwa. An kafa SEMRY, kamfanin gwamnati mai kula da noman shinkafa, a 1971, aka gina madatsar ruwa ta Maga a 1979, aka kafa manyan injinan casa da nufin duk shinkafar da aka noma a fadamun Logon ta bi ta cikinsu. A takarda babban injin ya fi, domin ɓuntu kamar kashi 20 cikin 100 ne na nauyin shanshera, kuma injin zamani mai roba yana iya fitar da kilo 65 zuwa 70 na shinkafa daga kilo 100, ya ware dusa daban, ya ware tsaki daban. Ƙaramin injin ƙarfe na kasuwa yana fitar da ƙasa da haka, yana kakkarya ƙwaya, yana gauraya dusa da ɓuntu.

Duk da haka, ku zo Yagwa ko Maga bayan girbi ku ga inda shinkafa take zuwa. Wani kaso yana tafiya ƙananan injinan casa da ke cikin gari, wani kaso mai yawa kuma 'yan kasuwa suna saye shanshera da ɓuntunta su tsallaka da ita Najeriya. Dalili shi ne manomi yana son kuɗinsa a hannu ranar da ya kawo buhu, yana son ya case buhu biyu yau don cefane da kuɗin makaranta, ya ajiye sauran sai farashi ya tashi. Babban inji ba ya tashi don buhu biyu, yana buƙatar tan masu yawa a rumbu kafin a kunna shi, kuma tara wannan shinkafar yana buƙatar jari mai nauyi da za a kwantar na watanni. Injin da ya fi kowa iya aiki, idan yana tsaye wata takwas a shekara, mai ƙaramin inji da yake aiki kullum ya fi shi arha a kan kowane buhu.

Malama Zainabu, Marwa:

Baba Alhaji ya taɓo inda lissafin yake, kuma da yake aikin akawu nake yi, bari in buga misali da lambobin da na ƙirƙira don sauƙin fahimta. A ce masana'anta tana da kuɗin da dole ta biya ko ta yi aiki ko ba ta yi ba, kamar bashin banki da albashin dindindin da tsufan inji, sefa miliyan 100 a shekara. Idan ta sarrafa tan 10,000, kowane tan ya ɗauki sefa 10,000 na wannan nauyin. Idan wuta ko ɗanyen kaya suka gaza ta sarrafa tan 2,500 kawai, kowane tan ya ɗauki sefa 40,000, kuma ba a taɓa kuɗin shinkafar ko na man gas ba tukuna. Ƙaramin mai inji ba shi da irin wannan nauyin, shi ya sa rashin aikin mako guda ba ya karya shi.

Amma ina da ja a kan maganar Malam Sani da ta Hajiya, cikin girmamawa. Arhar ƙaramar sana'a wani ɓangarenta daga abin da ba a rubutawa take fitowa. 'Yar da take taya uwarta suyar gyaɗa ba a biyanta, yaron maƙeri yana shekaru yana zuga-zugi a bakin abinci da ɗan na kashewa, mai sana'ar kansa ba ya yanka wa kansa albashi, duk abin da ya rage da yamma sai ya kira shi riba. Babban kamfani yana biyan haraji, yana zuba wa ma'aikaci kuɗi a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta CNPS don fansho da haɗarin aiki. Wanda belin injin niƙa ya cinye wa yatsu a unguwa ba shi da inda zai kai kuka. Idan aka sa wa duk wannan farashi, tazarar da ake gani za ta ragu sosai, a wasu sana'o'in ma za ta juye.

Malam Sani, Garwa:

Malama, na ji hujjarki kuma tana da nauyi, sai dai fanshon da kike magana yana nan ne muddin kamfanin yana raye. Mu da muke da 'yan'uwa a Kaduna mun ga abin da ya faru da masaƙu. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya har unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, sannan tsadar wuta da kwararowar atamfa mai arha daga Asiya suka rufe su ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, dubban magidanta suka rasa abin yi a lokaci guda, masu sayar musu da abinci da masu ba su hayar ɗaki suka bi su. A nan gida ma masaƙar CICAM, wadda aka kafa a 1965 kuma take da masana'antar kaɗi da saƙa a Garwa, ta daɗe tana fama da irin wannan gasar, kuma mafi yawan audugar da ake nomawa a arewa a dunƙule take fita ta tashar jirgin ruwa ta Duwala ba tare da an mayar da ita zare ba. Teloli da masu surfani da marina kuwa suna nan, idan ɗaya ya faɗi ɗari suna tsaye. Ashe juriya ba ta cikin abin da ya kamata a auna? Abin da yake fitar da amfani mai yawa na shekara ashirin sannan ya mutu ya bar gari cikin yunwa, ban yarda a ce ya fi wanda yake fitar da kaɗan amma bai taɓa yankewa ba.

Abubakar, Njamena:

Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure. Mu a Cadi nisa ne yake yanke mana hukunci kafin kowa ya yi magana. Daga Duwala zuwa Njamena kimanin kilomita 1,800 ne, layin dogo kuma tun 1974 a Ngaundere ya tsaya, sauran tafiyar duk a bayan tirela ne har gadar Kusiri. Wannan nisan kaifi biyu gare shi. Yana kare mai sarrafa kaya a gida, domin kayan waje suna isowa da tsada, amma kuma idan wani ƙarfe ya karye a babban inji, sai a jira makonni kafin a kawo madadinsa, alhali injin niƙa na unguwa mai walda zai gyara shi kafin la'asar.

Akwai abin da ba a musu a kansa. Matatar mai ta Jarmaya da aka buɗe a 2011 tare da kamfanin CNPC na Sin, mai ƙarfin ganga 20,000 a rana, ba abin da za a yi ƙaraminsa ba ne, haka ma masana'antar sukari ta Banda kusa da Sar, domin rake yana fara rasa zaƙinsa da zarar an sare shi, dole matsewa ta zauna a bakin gona kuma gonar ta zama babba. Inda na fi damuwa shi ne nama. Cadi tana cikin ƙasashen da suka fi dabbobi a Afirka, amma mafi yawan shanun da muke sayarwa Najeriya da ƙafarsu suke tafiya, suna ramewa a hanya, fata da ƙashi da ƙaho duk su tafi tare da su. Kowa yana cewa a gina manyan mayanka na zamani, kuma da ma akwai ta Farsha a nan Njamena, sai dai nama mai sanyi yana buƙatar wutar da ba ta yankewa daga mayanka har kantin mai saye. Mai kilishi ya warware wannan matsalar da rana da wuƙa da yaji, naman da zai lalace a kwana ɗaya ya mayar da shi abin da zai yi watanni ya kuma yi sauƙin ɗauka. A yanayin da muke ciki yau, shi ne yake ƙara wa naman daraja, kodayake ba zai iya ɗaukar ko kashi kaɗan na garken ƙasar ba.

Malam Garba, Marwa:

Ni majemi ne, kuma kakannina ma jima suka yi. Muna jiƙa fata a toka da farar ƙasa, mu kankare gashi, mu jeme ta da bagaruwa, mu shafe ta da mai, dukawa su saya su ɗinka takalma da jakunkuna da filalla da ake sayarwa a kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa. Bagaruwa a dajinmu take, ba ma sayen sinadari daga waje, kuma ruwan da muke zubarwa bai kai na majemar zamani mai amfani da sinadarin kurom haɗari ba. Amma zan faɗi inda muke gazawa, domin na gani. Idan mai saye daga waje ya ce yana son fata 2,000 masu kauri ɗaya da launi ɗaya a cikin wata guda, ba za mu iya ba ko da duk majeman unguwa sun haɗu, saboda hannun kowa daban ne kuma ba mu da injin da yake tsaga fata ya daidaita kaurinta. Ciniki irin wannan manyan majemun Kano ne suke ɗauka. Abin da muke buƙata ba babban kamfani ba ne da zai mayar da mu leburori, inji ɗaya ne na tsagawa da gogewa wanda kowa zai kai fatarsa ya biya, kamar yadda mata suke kai gyaɗa markaɗe.

Malama Zainabu, Marwa:

Akwai wani farashi kuma da ba mai sana'a ne yake biya ba, jama'a ne. Gyaɗar da ta yi danshi a ajiya tana kama wani fumfuna mai fitar da dafin afalatoksin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo ciwon dajin hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Yawancinsa a cikin tuka yake zama, wato a cikin ƙuliƙuli. Babban kamfani yana da ɗakin gwaji, kuma hukuma tana iya zuwa wuri ɗaya ta bincika, amma wa zai bi gidaje dubu yana dubawa? Sai kuma itace. Duk wanda ya bi hanyar Marwa zuwa Mora ko Kusiri ya ga yadda daji ya ja baya, kuma suyar gyaɗa da gasa tubali da ƙyafe kifi duk da itace ake yi a murhun da mafi yawan zafinsa yake tashi a banza.

Hajiya Asabe, Gidar:

'Yata Zainabu, maganar fumfuna gaskiya ce, kuma maganinta a wurinmu tsinta ce. Duk mai mutunta sana'arta tana baza gyaɗa a faifai ta fitar da ruɓaɓɓiya da wadda ta canza launi kafin ta soya, kuma ba ta sayen wadda aka ajiye a ƙasa mai sanyi. Masu saye na maƙwabtana ne, idan ƙuliƙulina ya yi ɗaci gobe a ƙofar gidana za a faɗa mini. Na yarda ido ba ya ganin komai, don haka idan masu aikin lafiya za su zo su koya mana yadda ake busarwa da ajiya, ba wadda za ta ƙi zuwa.

Injiniya Bello, Ngaundere:

Maganar Malam Garba ta inji ɗaya da kowa zai yi amfani da shi ita ce ta fi kusa da abin da nake ganin ya dace, kuma misalinsa yana gabanmu a harkar auduga. Ba SODECOTON ce take noman auduga ba, ƙananan manoma ne a gonakinsu, kamfanin da aka kafa a 1974 yana ba su iri da taki a bashi ya saye amfanin. Sannan ku lura da yadda aka rarraba injinan. Audugar da ba a gurza ba tana da cika wuri, kuma zallar audugar da ke cikinta kashi 40 da 'yan kai ne cikin 100, sauran galibi angurya ce, don haka ɗaukarta zuwa nesa asara ce. Shi ya sa aka warwatsa injinan gurza kusa da gonaki, a Marwa da Kayle da Gidar da Garwa da Ngong da Tuboro da wasu wuraren, amma matatun mai, da suke buƙatar manyan tukwane da sinadari, aka tara su a gari biyu kawai. Kowane mataki an ba shi girman da ya dace da shi. A Cadi ma tsarin kamfanin auduga na CotonTchad kusan haka yake, kuma bai canza ba bayan kamfanin Olam ya sayi kashi 60 cikin 100 nasa a 2018.

Ƙasashen da suka tilasta girma ɗaya a kan komai sun sha wuya. A 1958 gwamnatin Sin ta sa ƙauyuka su gina ƙananan murahun narka ƙarfe a bayan gidajensu, aka narka tukwane da kayan noma, aka sare dazuzzuka, ƙarfen da ya fito kuma mafi yawansa bai yi amfani ba. A Indiya kuwa, ƙungiyar Amul da aka fara a garin Anand a 1946 ta bar shanu a hannun masu saniya ɗaya ko biyu, tana karɓar madara safe da yamma a ƙauye, a auna maiƙonta a biya, sannan a kai ta babbar masana'anta mallakar manoman kansu. Mu da muke Adamawa cikin nono, wannan darasin namu ne.

Game da wuta, Alhaji Mamman da Abubakar sun yi gaskiya. Arewa gaba ɗaya ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo mai megawat 72 da aka kammala a 1982, kuma duk shekarar da ruwan Binuwai ya yi ƙasa sai an shiga rabon wuta. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage wahalar, amma wanda zai kafa babbar masana'anta a nan dole ya sa kuɗin janareto da man gas a lissafinsa tun farko, kuma wannan yana cinye wani ɓangare na fifikon da na faɗa a sama.

Alhaji Mamman, Yagwa:

Injiniya, tsarin haɗin gwiwa yana da kyau a faɗa, amma ni na ga ƙungiyoyin manoma da yawa da aka ba injin casa kyauta, bayan shekara biyu injin yana kwance a ƙarƙashin rumfa. Ba a ware kuɗin gyara ba, ba a san wanda yake riƙe da littafi ba, kowa yana ganin na kowa ne don haka ba na kowa ba ne. Injin da yake daɗewa shi ne wanda mutum ɗaya ya saya da guminsa, yake kwana da tunaninsa, jama'a kuma su kawo kayansu su biya ladan aiki. Sannan inda mai saye ɗaya ne tak, kamar a auduga, manomi ba shi da ta cewa a farashi sai abin da aka yanke, shi ya sa duk shekarar da farashin Najeriya ya fi sai ka ji auduga tana tsallaka iyaka. Babban mai saye yana kawo tsari da taki, amma yana kuma riƙe wuyan mai kawo kaya, kuma wannan ma a sa shi a ma'auni.

Malam Sani, Garwa:

Na ƙaru da bayanin siminti da angurya da matatar mai, waɗannan ba ni da ja a kansu. Inda har yanzu nake tsaye shi ne, a ƙasar da jari ya yi ƙaranci kuma hannaye suka yi yawa, abin da ya kamata a fi tattali shi ne jarin, ba lokacin ma'aikaci ba. Ford yana neman rage ma'aikata ne saboda a wurinsa ma'aikaci ne mai tsada, mu kuwa matasa ne zaune a bakin titi suna jiran fasinjan babur. Idan gwamnati tana yafe wa babban mai zuba jari haraji da kuɗin kwastan na injinsa, mai walda da mai injin markaɗe su ma sun cancanci wutar da ba ta yankewa da bashin da ba a nemi takardar gida kafin a ba su ba. A yanzu adashi ne bankinsu, kuma adashi ba ya sayen injin miliyan uku.

Hajiya Asabe, Gidar:

Tunda magana ta zo nan, Injiniya, ina da tambaya. Mu mata ne da muke adashi tare, kuma mun daɗe muna shawarar sayen ƙaramin injin matsa mai. Tsorona shi ne ya matse tunkuzar ƙarau har ta ƙi yin ƙuliƙuli, mu sami mai mu rasa ribarmu. Me ya kamata mu duba kafin mu fitar da kuɗi?

Injiniya Bello, Ngaundere:

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, amma yawancin waɗannan injinan suna da wurin ɗaurewa da sassautawa a bakin da tuka take fita, don haka kuna iya barin man da kuke so a ciki. Kada ku saya sai mai sayarwa ya yarda kun kawo gyaɗarku an matse a gabanku, kun auna man, kun kai tukar gida kun gwada ƙuliƙuli da ita. Ku tambaya ko ana samun dunƙulen ƙarfen da yake matsawa a Garwa ko Marwa, domin shi ne yake fara cinyewa, kuma ku tabbata akwai makanike a Gidar da ya taɓa kwance irinsa. Abu mafi muhimmanci shi ne ku ƙidaya buhunan da ku da sauran matan unguwa kuke sarrafawa a mako, har da watannin da gyaɗa take tsada, domin idan injin zai yi aikin awa biyu ya kwanta, to ya fi ƙarfinku, ku nemi ƙarami. Sannan ku bi shawarar Alhaji Mamman, ku ɗora shi a hannun mace ɗaya da za a riƙa biyanta, kowa ta biya kuɗin matsa ko da tana cikin masu injin, a ware na gyara a gefe tun daga ranar farko.

Hajiya Asabe, Gidar:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Juma'a muke haɗuwa, zan karanta musu wannan amsar. Alhaji Mamman, idan ka san nawa masu injin casa suke warewa na gyara a kan kowane buhu, ka rubuto mana kafin ranar don mu sami abin kwatance.